Gandu ɗaya, tukunya biyu: yadda Air France da KLM suka zama kamfani ɗaya amma kowa ya riƙe tutarsa

Wani abokina ne ya tambaye ni kwanan baya, ya ce ya sayi tikiti a shafin KLM daga Legas zuwa Turai amma da ya duba takardar dawowa sai ya ga an rubuta Air France ne zai ɗauko shi ta Faris, wai shin cinikinsa aka sayar wa wani kamfanin ne ko kuwa yaya abin yake. Na ce masa ba a sayar da kai ba, aljihu ɗaya kuɗinka suka shiga, tun 2004 kamfanonin nan biyu uwa ɗaya ke riƙe da su, sunanta Air France-KLM. Sai ya ce to in haka ne me ya hana su fenta jiragen kala ɗaya su sa suna ɗaya kowa ya huta? Wallahi wannan tambayar ita ce gaba ɗaya labarin, kuma amsarta ta fi ƙarfin hirar waya shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuma abin ya shafe mu, musamman mu mutanen Kano. Ni dai tun ina yaro in aka ce jirgin Turai a gidanmu to shuɗin jirgin nan na KLM ake nufi, mai kambun sarauta a wutsiya. Tun wajajen 1947 yake yada zango a Kano a hanyarsa ta zuwa Afirka ta Kudu, bai daina zuwa ba sai 2012. Har Nigeria Airways ma an taɓa damƙa wa KLM riƙonsa na shekara biyu daga 1979. Ƴan uwanmu na Nijar kuwa Air France suka sani a Yamai, har zuwa watan Agustan 2023 da ya dakatar da zuwa bayan juyin mulki.

To menene ma uwar kamfani? Kamfani ne da shi kansa ba ya tuƙa jirgi ba ya sayar da tikiti, aikinsa riƙe hannun jarin wasu kamfanonin. Shi ne ke kasuwar hannun jari, shi ke karɓo manyan basussuka, shi ke zama da Airbus da Boeing a yi cinikin jirage da yawa a lokaci ɗaya don a samu ragi, ribar ƴaƴan da asararsu duk a littafinsa ake haɗawa. Kamar gandu ne a ƙauye, maigida ɗaya rumbu ɗaya, amma kowane ɗa da sashensa da iyalinsa da tukunyarsa.

Dalilin da ya sa harkar jirage ta fi buƙatar irin wannan tsari kuwa doka ce tsohuwa. Tun taron Chicago na 1944 aka tsaya a kan cewa sararin samaniyar kowace ƙasa nata ne, saboda haka kafin jirgin fasinja ya riƙa zirga-zirga tsakanin ƙasa da ƙasa sai gwamnatocin biyu sun zauna sun sa hannu, kuma a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi akwai sharaɗin cewa kamfanin da ƙasa ta gabatar dole ya zama ƴan ƙasar ne ke da mafi yawan mallakarsa kuma su ke juya shi. Kun ga ke nan izinin da KLM ke da shi na sauka a Legas ko Tokyo ba nasa ba ne na ƙashin kansa, na ƙasar Holan ne ta ara masa. Ranar da aka ce KLM ya zama na Faransawa, kowace ƙasa na da damar cewa to mu da Holan muka yi magana ba da Faransa ba, ku kwashe jirginku. Kamfanin siminti ko na lemo za ka iya saye ka sauya masa suna gobe da safe, kamfanin jirgi in ka yi haka ka sayi ƙarfe ne kawai babu hanyar da zai bi.

KLM shi ne babba a shekaru, an kafa shi 7 ga Oktoban 1919, Albert Plesman ne ya ja ragamarsa shekaru da dama, kuma har yau shi ne kamfanin jirgi mafi daɗewa a duniya da bai taɓa sauya suna ba. Matsalarsa ɗaya ce tun asali, ƙasarsa ƙarama ce, babu wata zirga-zirgar cikin gida da za a ci abinci da ita, don haka sai ya mai da filin Schiphol na Amsterdam mahaɗa, a ɗebo mutum daga Kano ko Nairobi a sauke shi a can ya canja jirgi ya wuce Amurka ko Ingila. Sun ƙware sosai a wannan, kuma su suka fara ƙulla ƙawance mai zurfi da wani kamfanin Amurka wato Northwest, sun sayi hannun jari a cikinsa a 1989, Holan da Amurka suka sa hannu a yarjejeniyar buɗe sararin sama a 1992. A 1996 kuma suka sayi kashi 26 cikin ɗari na Kenya Airways. Amma duk da wayon nan sun san girmansu bai kai su tsaya su kaɗai ba, sai suka shiga neman abokin zama, aka yi magana da British Airways ta watse, aka gwada haɗaka da Swissair da SAS da Austrian a 1993 ta watse, aka ƙulla da Alitalia ta tsinke a 2000, aka sake komawa wajen British Airways a shekarar ita ma ba ta kai ko'ina ba. Kusan kullum abin da ke ɓata zancen shi ne wa zai zama babba, kuma ina makomar Schiphol.

Air France kuwa a 1933 aka haife shi daga haɗe wasu ƙananan kamfanonin Faransa, gwamnati ta karɓe shi a 1945, ya zama kamar wata ma'aikata ta gwamnati mai fukafukai. A farkon 1990 ya sayi UTA, kamfanin da ke da hanyoyin Afirka da yawa, wanda jirginsa ne bam ya tarwatsa a saman hamadar Tenere a Nijar ranar 19 ga Satumban 1989 bayan ya taso daga Njamena, mutum 170 suka rasu. Zuwa 1993 Air France ya kusa durƙushewa, ma'aikata suka mamaye titin tashin jirage suna yajin aiki, shugabansa Bernard Attali ya ajiye aiki, sai da gwamnati ta zuba faran biliyan 20 na kuɗin Faransa na lokacin sannan ya miƙe. Jean-Cyril Spinetta ya karɓi shugabancin Air France a 1997, aka fara sayar wa jama'a hannun jari a 1999, a 2000 kuma suka kafa ƙawancen SkyTeam da Delta da Korean Air da Aeromexico. Zuwa 2003 wanda ake yi wa kallon mara lafiya shi ne ya zama mai ƙarfi, KLM kuwa harin 11 ga Satumba da cutar SARS sun jigata shi.

Ranar 30 ga Satumban 2003 Spinetta da Leo van Wijk shugaban KLM suka sanar da haɗewar, a watan Mayun 2004 aka kammala. Ba tsabar kuɗi aka biya ba, musayar hannun jari aka yi, kuma gaba ɗaya an yi wa KLM kuɗi wajen yuro miliyan 800 ne, wanda har yau akwai mutanen Holan da ke cewa an sayar da shi da arha. Kason gwamnatin Faransa ya sauko daga kashi 54 zuwa 44, wato da wannan cinikin ne ma Air France ya fita daga hannun gwamnati ta fuskar rinjaye.

Ga inda dabarar take. Aka raba mallaka gida biyu, haƙƙin cin riba daban, haƙƙin jefa ƙuri'a daban. Kusan duk ribar KLM ta uwar kamfanin ce da ke Faris, amma a wajen ƙuri'a kashi 49 kawai aka ba ta, sauran 51 aka bar su a hannun wasu gidauniyoyi biyu na Holan da gwamnatin ƙasar da ƴan tsirarun masu hannun jari, don in wata ƙasa ta tambaya a nuna mata takarda a ce ga shi nan KLM na Holan ne. Da farko na shekara uku aka tsara abin, amma aka ci gaba da shi. Sannan aka ba gwamnatin Holan tabbaci a rubuce cewa ba za a kwashe hanyoyin Schiphol a kai filin Charles de Gaulle na Faris ba, KLM zai riƙe sunansa da kalarsa da hedikwatarsa da shugabansa. Taken da suka riƙa yi shi ne rukuni ɗaya, kamfanin jirgi biyu, sana'a uku, wato fasinja da dakon kaya da gyaran jirage.

Shekarun farko abin ya yi kyau fiye da yadda masu sukar suka zata. Ta fuskar kuɗin shiga babu rukunin jiragen da ya kai su a duniya a lokacin, suka haɗe tsarin tara maki na fasinjoji ya zama Flying Blue a 2005, fasinja ya samu mahaɗa biyu maimakon ɗaya, ya tafi ta Amsterdam ya dawo ta Faris kamar abokin nan nawa. Sauran manyan Turai suka bi sahu, Lufthansa ya ɗauki Swiss a 2005 da Austrian a 2009 ya bar musu sunayensu, British Airways da Iberia suka kafa tasu uwar kamfanin mai suna IAG a 2011. Duk hanyar da Spinetta da van Wijk suka share ce aka bi, wannan kam dole a ba su.

Daga 2008 ne al'amura suka fara juyewa, tattalin arzikin duniya ya rikice, man jirgi ya yi tsada, Emirates da Qatar Airways da Turkish suka riƙa janye fasinjojin Asiya da Afirka, a cikin Turai kuma Ryanair da easyJet suka karya farashi. Ranar 1 ga Yunin 2009 jirgin Air France da ya taso daga Rio ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. A shekarar ne kuma rukunin ya zuba sama da yuro miliyan 300 ya sayi kashi 25 na Alitalia, kuɗin da zuwa 2013 aka haƙura da su aka rubuta a asara.

A nan ne tsarin tukunya biyu ya fara nuna illarsa. Ɓangaren Holan ma'aikata da shugabanni sun saba zama a sasanta, a rage nan a ƙara can, ɓangaren Faransa kuwa ƙungiyar matuƙa jirgi tana da ƙarfin da za ta iya ajiye kamfanin gaba ɗaya a ƙasa, kuma ta yi. Satumban 2014 matuƙan Air France suka yi yajin aikin sati biyu saboda shirin faɗaɗa Transavia, reshen rukunin mai arhar tikiti, suna tsoron za a kwashe aikinsu a ba matuƙa masu ƙaramin albashi, asarar ta kai wajen yuro miliyan 500. Wannan asarar a littafi ɗaya aka rubuta ta da ribar KLM. Ba a daɗe ba kuma a farkon 2015 magana ta fito cewa ana so a riƙa tattara rarar kuɗin KLM a asusun uwar kamfani, Holan ta ɗauki zafi har majalisa, dole aka janye.

Sai ranar 5 ga Oktoban 2015, wadda duk mai bin labarai ya ga hotonta. Ana taro a hedikwatar Air France kusa da filin Charles de Gaulle kan shirin rage ma'aikata 2,900, sai masu zanga-zanga suka kutsa ciki, shugaban sashen ma'aikata Xavier Broseta ya fito a guje an yage masa riga tas, ba komai a jikinsa daga ƙugu zuwa sama sai lakataye a wuya, masu gadi na tura shi yana haura shingen waya, abokin aikinsa Pierre Plissonnier na biye da kwat a kekkece. Ni abin ya taɓa ni ta ɓangare biyu, babu yadda za a yi in goyi bayan a wulaƙanta mutum haka, amma kuma mutanen da suka fusata ɗin an riga an rage musu abokan aiki sama da 5,000 a shirin da ya gabata, sun ɗaure ciki an ce a ƙara ɗaurewa, kuma da yawansu ba matuƙa ba ne masu albashi mai tsoka, ma'aikatan ƙasa ne masu lodin kaya da gyara.

Alexandre de Juniac ya bar shugabancin Air France-KLM a 2016 ya koma IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, Jean-Marc Janaillac ya gaje shi, shi kuma a 2018 da yajin aiki ya ƙi ƙarewa sai ya kai tayin ƙarin albashi gaban ma'aikata kai tsaye ya ce su jefa ƙuri'a, in sun ƙi zai sauka. Kashi 55 suka ƙi, ya cika alƙawari ya tafi. A wannan shekarar KLM wanda shi ne ƙarami ya kawo ribar aiki sama da yuro biliyan 1, Air France bai kai miliyan 300 ba. Ku sa kanku a matsayin ma'aikacin KLM, kai kake noma ɗan uwanka na ajiye fartanya kuma rumbun ɗaya ne, sannan mabuɗin rumbun na hannun dangin ɗan uwan naka.

Aka ɗauko Ben Smith daga Air Canada, karo na farko da wanda ba Bafaranshe ba ya hau kujerar. Ya yi saurin sasantawa da ƙungiyoyin ƙwadagon Faransa, ya rufe Joon, wani ƙaramin reshe da aka buɗe a ƙarshen 2017 wanda ko fasinjoji ba su gane inda ya dosa ba, sannan ya juyo yana son uwar kamfani ta ƙara riƙe linzamin KLM. Nan aka ji cewa ƙila ba za a sabunta wa shugaban KLM Pieter Elbers wa'adi ba, dubban ma'aikata suka sa hannu a takardar goyon bayansa suka taru a gaban hedikwata da shuɗin yunifom ɗinsu, aka bar shi. Amma gwamnatin Holan ta riga ta ɗauki darasi. A ƙarshen Fabrairun 2019 ministan kuɗi Wopke Hoekstra ya fito ya ce sun sayi kusan kashi 13 na hannun jarin Air France-KLM a kasuwa a asirce, cikin kwana ɗaya ko biyu suka cike 14, kusan daidai da 14.3 na Faransa, kuɗin yuro miliyan 744. Ba su gaya wa Faris ba sai da aka gama, Shugaba Macron da ministansa Bruno Le Maire suka nuna ɓacin rai a fili. Hujjar Holan ita ce Schiphol, dubban ayyukan yi da kamfanonin waje da suka kafa ofis a ƙasar duk saboda filin ne, ba za su bar a yanke hukunci a kansa suna waje ba.

A ganina Holan na da gaskiya a damuwarta, ko da yake hanyar da ta bi ta ƙara ɓata zumunci. Tabbacin da ke kan takarda ba ya hana a karkatar da sabbin jirage da sabbin hanyoyi gefe ɗaya a hankali, kujera a teburin da ake yanke shawara ce kawai ke hanawa. Mu da muka ga yadda Kano ta koma bayan manyan jiragen Turai sun daina sauka, ɗan kasuwa sai ya bi ta Abuja ko Legas ko Addis Ababa, mun san abin da gari ke rasawa in hanya ta kauce masa.

Sai korona ta zo a 2020 ta ajiye jirage a ƙasa, rukunin ya yi asarar yuro biliyan 7.1 a shekara ɗaya, aka yi sallama da manyan jiragen A380 gaba ɗaya. Wajen ceto ma ba uwar kamfani aka ba kuɗi a dunƙule ba, kowace gwamnati ɗanta ta nufa, Faransa ta tsaya wa Air France da biliyan 7, biliyan 4 bashin banki da ta lamunta biliyan 3 daga aljihunta, Holan ta tanadar wa KLM biliyan 3.4 tare da sharaɗin kuɗin ba za su tsallaka iyaka ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Faransa ta sa aka soke wasu gajerun hanyoyin cikin gida daga filin Orly na Faris zuwa inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi, Holan ta ce sai an rage albashi har da na matuƙa, Tarayyar Turai ta ce a saki gurbin sauka da tashi 18 a Orly a ba abokan gasa. Da aka ƙara jari a 2021 kason gwamnatin Faransa ya haura zuwa kashi 28.6, na Holan ya sauko zuwa 9.3, wato daidaiton da Hoekstra ya kashe miliyan 744 a kansa bai wuce shekara biyu ba. Kamfanin da aka haɗa don ya fita daga hannun gwamnati sai ga gwamnatoci biyu riƙe da sama da kashi ɗaya bisa uku nasa, ga Delta da China Eastern da suka shigo a 2017, ga kamfanin dakon kaya na ruwa CMA CGM da ya shigo a 2022.

Sun farfaɗo, sun biya tallafin, kuɗin shigar 2023 ya kai yuro biliyan 30. Elbers ya tafi a 2022 ya karɓi IndiGo na Indiya, Marjan Rintel ta hau kujerar KLM, Anne Rigail na riƙe da Air France tun ƙarshen 2018. Abin da ya sauya shi ne yanzu KLM ne ke fama, tsadar aiki da ƙarancin ma'aikata da kuɗin filin Schiphol da ya hau, ga kuma gwamnatin Holan ɗin da ta sayi hannun jari don kare filin ita ce tun 2022 take neman rage yawan tashi da saukar jirage a cikinsa saboda ƙarar da ke damun maƙwabta. A 2024 sai da KLM ya fito da shirin tsuke bakin aljihu na yuro miliyan 450.

Kuma gandun ƙara faɗi yake. Bayan SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya shiga kariyar kotu saboda bashi, Air France-KLM ya karɓi kashi 19.9 nasa, SAS ya bar Star Alliance, wata ƙungiyar ƙawancen jirage wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta, ya koma SkyTeam a Satumban 2024, a 2025 kuma suka sanar za su kai kasonsu 60.5. Shi ma zai riƙe sunansa da mahaɗarsa ta Kopenhagen, kuma gwamnatin Denmak na nan da kasonta na wajen kashi 26 a cikinsa.